Albert Willemetz, mai tsara kalmomin waƙa

An haifi Albert Willemetz a birnin Pari, ƙasar Faransa, a shekara ta 1887. Da ya gama karatu, sai ya kama aiki a ma'aikatar cikin gida. Amma hankalinsa yana wajen waƙa.

Albert ba mawaƙi ba ne, ba kuma makaɗi ba. Kalmomi yake tsarawa. Wani ya sa musu kiɗa, wani kuma ya rera. Ya rubuta waƙoƙi fiye da 3000. Mistinguett da Maurice Chevalier sun rera wasu daga ciki.

Ya kuma rubuta operet, wato wasan kwaikwayo mai ban dariya, da magana da waƙa da rawa. Ran 12 ga nuwamba 1918, kashegarin tsayar da yaƙin duniya na farko, aka fara nuna wasansa Phi-Phi. Henri Christiné ne ya yi kiɗan. Mutane sun gaji da baƙin ciki, sai suka yi ta cika gidan wasa har shekara uku.

Jama'a sun san mai rerawa, amma sau da yawa ba su san mai rubutawa ba. Bayan yaƙin duniya na biyu, Albert ya shugabanci SACEM, ƙungiyar da ke karɓar wa marubuta waƙa da masu tsara kiɗa hakkin guminsu. Ya rasu a 1964.

Tambayoyi
1. Mene ne operet?
2. Wane aiki SACEM take yi?