Tarihin Babban Gwani, Mai Ginin Dare

A ɗakin karatun makarantarmu na ga zanen cikin tsohon Masallacin Juma'a na Zariya. Ba kowa a cikin zanen, sai manyan ginshiƙai, da ɗan haske da ya ratso ta ƙofa ya kwanta a ƙasa, saura kuwa duk inuwa. Wannan ya sa na nemi labarin wanda ya gina shi.

Sunansa Muhammadu Durugu, waɗansu kuma suna ce masa Malam Mika'ilu, amma an fi saninsa da Babban Gwani. Ya gina masallacin a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Kayan aikinsa su ne namu na ƙauye: ƙasa, tubali da azarar giginya. Da su ya ɗaga bakuna masu tsawo, ya ɗora tulluwa a kansu. Ya yi bango mai kauri, ya ƙanƙanta tagogi, don haka ko rana na ƙuna a waje, ciki da sanyi. Hasken da ke shiga kaɗan ne, amma shi ke fito da adon da aka yi wa ginshiƙan.

Ana cewa da dare yake gini, shi kaɗai. Da rana ma'aikata su tara masa kwaɓi da tubali, gari na wayewa sai a ga gini ya tashi. Ya kuma yi wa Madakin Bauchi soro a Kafin Madaki. Ana kuma ba da labari cewa wani Sarkin Birnin Gwari ya sa aka kashe shi bayan ya gama masa aiki, don kada ya yi wa wani irinsa.

A watan Agusta na 2023 wani sashe na masallacin ya rufta ana sallar La'asar, mutane suka rasu. Allah Ya jiƙansu.

'Yan'uwana ɗalibai, a garuruwanmu na wajen Bichi da Dambatta yanzu kowa bulo da kwano yake so, tsofaffin magina kuwa suna ƙarewa ba magada. In mun je hutu, mu shiga zauren dagaci da tsakar rana, mu ɗaga kai mu dubi rufin, sa'an nan mu tambayi wanda ya yi shi tun yana da rai.