Bob Graham: Gwanin Gudu a Kan Tsaunuka

Duk wanda ya tsaya a garin Mubi ya dubi gabas zai hangi duwatsun Mandara sun yi jeri a kan iyakar Nijeriya da Kamaru. A arewa maso yammacin Ingila ma akwai yanki mai tsaunuka da tafkuna da ake kira Lake District. A can ne wani mutum mai suna Bob Graham ya yi abin da har yau ake tunawa da shi.

An haifi Bob Graham a shekarar 1889. Ya yi aikin lambu, daga baya ya buɗe masauƙin baƙi a garin Keswick. Idan ya sami sarari, sai ya shiga tsaunukan da ke kewaye da garin, yana hawa yana sauka, har ya san hanyoyinsu da kwazazzabansu sarai.

Tun kafin zamaninsa, mutanen yankin suna gwada yawan tsaunukan da mutum zai iya hawa cikin awa 24. A shekarar 1931 Graham ya yi nasa yunƙurin, amma bai kai ga nasara ba. Bai karaya ba, ya koma ya ci gaba da shiri.

A watan Yuni na 1932 ya sake fitowa. Ya tashi daga tsakiyar Keswick cikin dare, sanye da takalmin wasan tanis da gajeren wando da rigar barci. Guzurinsa burodi ne da man shanu da dafaffen ƙwai da 'ya'yan itatuwa. Abokansa huɗu suka riƙa raka shi bi da bi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya taka ƙololuwar tsauni 42, ciki har da Skiddaw da Helvellyn da Scafell Pike, wanda tsayinsa ya kai mita 978, kuma babu tsaunin da ya fi shi a Ingila. Ya dawo inda ya tashi bayan awa 23 da minti 39. Ana cewa ya zaɓi tsauni ɗaya ne ga kowace shekara ta rayuwarsa.

Tsawon wannan zagaye, yadda ake bin sa a yau, ya kai kimanin kilomita 106, hawan da ke cikinsa kuma kimanin mita 8,200. Sai da aka shekara 28 kafin a sami wanda ya fi shi sauri, wato Alan Heaton, a shekarar 1960. Graham kuwa ya rasu a shekarar 1966. A 1971 aka kafa ƙungiya da sunansa, wadda ba ta karɓar kowa sai wanda ya kammala zagayen cikin awa 24.

Graham ya yi nasa gudun ne lokacin zafi, sa'ad da rana ke daɗewa ba ta faɗi ba. Waɗanda suka biyo bayansa sai suka fara gwadawa da hunturu. Hunturun Ingila ya bambanta da namu. A Mubi iska ce mai sanyi da ƙura, a can kuwa dusar ƙanƙara ce ke rufe tsaunuka. A watan Disamba hasken rana ba ya kai awa 8. Ƙanƙara tana binne hanya, hazo kuma yana haɗe sama da ƙasa. A kan doron tsauni mai siririyar hanya, kuskuren taku ɗaya yana iya jefa mutum cikin kwazazzabo. Saboda haka mai gudu yakan riƙe taswira da kamfas, ya ɗaura fitila a goshi, wani lokaci har ya ƙirga takunsa don ya san inda yake. Sai a shekarar 1986 aka sami waɗanda suka kammala zagayen da hunturu cikin awa 24.

A irin wannan yanayi, sanin hanya ya fi ƙarfin ƙafa amfani. Wannan sani kuwa sai da haƙuri da yawan bi ake samunsa, kamar yadda Bob Graham ya yi shekaru yana bin tsaunukan garinsu kafin ranar da sunansa ya fito.