Alhaji Alhassan Ɗantata: Falken da Bai Dogara ga Hanya Ɗaya Ba

A duk lokacin da muke bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, ya dace mu waiwayi magabatan da suka riga mu bin waɗannan hanyoyi, domin da tsohuwar zuma ake magani. A bana mun zaɓi tarihin Alhaji Alhassan Ɗantata, Allah Ya jiƙansa. Kowa ya san labarin dukiyarsa. Abin da ya fi shafar mu, mu da ke saro kaya muna tsallaka iyakoki da su daga nan Lome, shi ne yadda ya tsare kansa daga yankewar kaya a zamanin da hanyoyi ke rufewa ba sallama.

An haife shi a Bebeji ta ƙasar Kano a shekarar 1877, cikin zuriyar Agalawa, waɗanda suka shahara da fataucin goro zuwa Gwanja. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana yaro ƙarami. Mahaifiyarsa, wadda ake kira Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce, ta koma Akara da zama, ta bar shi a hannun wata dattijuwa mai suna Tata. Daga sunan wannan baiwar Allah ya samo laƙabin Ɗantata. Ya yi karatun allo a Bebeji, yana 'yan sana'o'i don ya ciyar da kansa, kuma tun a lokacin ya saba da tanadi.

Fataucin da ya tashi ya tarar na ayari ne. Fatake sukan ɗora kanwa da tufafi da fatu a kan jakuna, su bi madugu watanni suna sauka zango-zango, suna biyan kuɗin fito da na wucewa, kafin su isa kasuwannin goro. Goro kuwa ba ya haƙuri. Sai an shirya shi cikin huhu da ɗanyen ganye, ana buɗewa a hanya ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda ya lalace kafin ya shafi sauran. Jinkirin mako biyu kan iya cinye ribar shekara.

Yana saurayi ya ga yadda hanyar nan ke rushewa. A 1892 yaƙi ya ci Salaga, babbar kasuwar goro, fatake suka watse, wasu suka koma Kete-Karachi, wasu suka gangaro bakin teku, har da nan Lome. Shekara guda bayan haka Yaƙin Basasa ya ɓarke a Kano, aka kama Alhassan da 'yan'uwansa, sai da aka fanshe su. Kasuwar saye ta mutu, kasuwar sayarwa tana cikin wuta. Wanda duk jarinsa ke kan wannan layi ɗaya, ya zauna.

Da ya koma fatauci, sai ya nemi wata mafita. Wajen 1906 ya shiga ɗora goro a jirgin ruwa daga Akara da Sekondi zuwa Legas, tafiyar da ba ta wuce 'yan kwanaki ba. Goro ya riƙa isa da ɗanyensa, kuɗi kuma suna juyawa sau da yawa a shekara maimakon sau ɗaya. Ya haɗa da duwatsun ado da tsakiya da yadin Turawa, kayan da ba sa ruɓewa kuma masu sayen goro ɗin nan su ne masu sayensu.

Da jirgin ƙasa ya fara aiki tsakanin Legas da Kano a 1912, Turawa sun sa rai auduga za su kwasa, sai manoma suka fi karkata ga gyaɗa saboda ta fi kuɗi kuma ana ci idan kasuwa ta ƙi. Kamfanonin Turawa ba su san ƙauyuka ba, fataken goro kuwa sun san su gida-gida. A 1918 Kamfanin Neja, wanda daga baya ya shiga cikin UAC, ya nemi Alhassan ya riƙa saya masa gyaɗa. Bai jira kaya su same shi a Kano ba. Ya baza wakilai cikin karkara, mutanen da ya san gidajensu da iyayensu, yana ba su kuɗi tun kafin kaka. Idan damina ta gaza a wata gunduma, wata za ta cike. Duk da haka bai saki goro ba, ya ci gaba da cinikin shanu da hatsi da tufafi. A 1929, da Bankin Birtaniya na Afirka ta Yamma ya buɗe reshe a Kano, ya kai ajiyar kuɗin azurfa a kan raƙuma ashirin. Ya rasu a Kano ranar 17 ga Agusta 1955, bayan ya gargaɗi 'ya'yansa da su riƙe kasuwancin tare, kada su tsinka shi. Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa.

'Yan'uwa, abin da ya same su a Salaga mun ga irinsa da idonmu. A Janairun 1994 an karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya. Daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, kayan mutane suka yi watanni a Seme. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 hanyar Kwatano ta toshe, manyan motoci suka koma bi daga tashar jirgin ruwan Lome ta Sinkase da Burkina Faso, ga tsawo ga haɗari. A kowane karo, waɗanda suka tsira su ne masu dillali na biyu da hanya ta biyu tun kafin buƙata ta taso. Amana ba a ƙulla ta ranar da aka rufe iyaka.

Akwai kuma darasin yawan kaya. Masu sayar da kayan gyaran babur a cikinmu sun san cewa Haojue da Sanya da Bajaj da TVS kowanne da nasa, kuma wanda ya ce sai ya tara duka zai binne jarinsa a kan kanta. Alhassan ya yawaita wuraren saye, amma duk hajar da ya ƙara sai wadda ya san kanta, wadda ke bin hanyarsa kuma wakilansa ke iya sayarwa. Mu ma mu cika shago da abin da ke fita kullum da wanda ya dace da babura iri-iri, sauran kuwa mu san ɗan'uwan da ke da shi a cikin ƙungiya, mu karɓa a wurinsa. Amfanin haɗuwarmu ke nan.

Allah Ya gafarta wa Alhaji Alhassan da sauran magabatanmu, Ya tsare ayarinmu a kan hanya, Ya sa albarka a cikin neman halalinmu. Amin.