Likita Baikie, Baturen Da Ya Karya Lagon Zazzaɓin Kwara

Yau za mu kawo wa masu karatu labarin Likita William Balfour Baikie, mutumin Sikotilan, likitan sojan ruwa na Ingila, wanda ya taka birnin Kano shekara 41 kafin zuwan sojan Lugga.

An haife shi a garin Kirkwall, cikin tsibiran Orkney. Ya yi karatun likita a jami'ar Edinburgh, ya shiga aikin soja cikin 1848. A zamanin nan Turawa suna tsoron kogin Kwara kamar kabari, gama cikin 1841 an aiko da jirage uku ɗauke da Turawa 145, zazzaɓi ya kashe fiye da 40 daga cikinsu, sauran suka juya ba shiri.

Cikin 1854 aka sake shirya wani jirgi mai suna Pleiad, aka sa Baikie ya zama likitansa. Da suka iso tsibirin Fernando Po sai suka tarar shugaban tafiyar, John Beecroft, ya rasu. Baikie ya karɓi ragama. Ya kafa doka cewa kowane Bature sai ya sha kwinin kullum, ko da lafiyarsa lau. A da, galibi sai ciwo ya kayar da mutum kana a ba shi. Suka haura Binuwai, suka wuce iyakar inda jirgi ya taɓa kaiwa da kamar mil 250, suka komo bayan kwana 118 ba wanda ya mutu. Abin mamaki kuwa, Baikie bai san sauro ke kawo ciwon ba, don sai cikin 1897 Likita Ronald Ross ya gano haka. Rigakafi dai ya fi magani.

Ya komo cikin 1857, amma jirginsa Dayspring ya bugi dutse kusa da Jaba ya farfashe. Bai karai ba. Ya nemi yardar Etsu Nupe Masaba, ya zauna a Lakwaja, inda Kwara da Binuwai suka haɗu. Nan ya ci kasuwa, yana duba marasa lafiya, yana sasanta masu jayayya. Ya sa tufafin ƙasa, ya koyi Hausa har ya juya Zabura cikinta, ya kuma tattara kalmomin harsuna kusan 50.

Cikin 1862 ya hau doki ya bi ta Bida da Zariya har Kano, zamanin Sarki Abdullahi Maje Ƙarofi, yana neman takardun da matafiya Jamusawa suka bari. Cikin 1864 ya kama hanyar gida, ajali ya riske shi a Saliyo ran 12 ga Disamba.

To, tilas mu dubi abin ta fuska biyu. Kwinin ya ceci rayuka, amma shi ne kuma ya buɗe wa 'yan kasuwa da sojan Turawa ƙofar ƙasarmu. A Lakwajan nan da Baikie ya raya Lugga ya kafa tutar Ingila ran 1 ga Janairu, 1900, cikin 1903 kuma Kano ta faɗi. Muna roƙon malaman makaranta, in sun zo koyar da tarihi ko kiwon lafiya, su gaya wa yara duka biyun, kada su ɗauki ɗaya su bar ɗaya.