Li Gao: Likitan da ya ɗora alhakin mace-macen Kaifeng a kan yunwa da kuskuren likitoci

A shekarar 1232, bayan rundunar Mongol ta sassauta ƙawanyar da ta yi wa Kaifeng, babban birnin daular Jin a arewacin ƙasar Sin, mutuwa ta mamaye gari. Kundin tarihin daular ya ce cikin kwana 50 an fitar da gawa sama da 900,000 ta ƙofofin birnin, ban da talakawan da ba a samu halin binne su ba. Cikin waɗanda suka ga wannan masifa da idonsu har da wani likita mai shekara 52, Li Gao, wanda aka fi sani da Li Dongyuan. Bayanin da ya bayar kan abin da ya kashe mutanen ne ya mayar da ciki ginshiƙin wata babbar makaranta a likitancin gargajiyar Sin.

An haifi Li Gao a 1180 a Zhending, garin da yau ake kira Zhengding a lardin Hebei, a gidan da ya yi fice wajen dukiya. Karatun malamai ya yi tun yana yaro, daga baya kuma mahaifiyarsa ta kwanta rashin lafiya. An yi ta kiran likitoci, kowa da abin da yake faɗa, har ta rasu ba a san ciwon da ya ɗauke ta ba. Takaicin haka ya sa ya ɗauki dukiya mai yawa ya tafi wurin Zhang Yuansu, shahararren likitan Yizhou, ya zauna a gabansa shekaru yana koyo.

Ko bayan ya ƙware, bai ɗauki magani a matsayin sana'a ba. Tarihin daular Yuan ya bayyana shi a matsayin mutum mai ji da kansa, wanda jama'a ba sa kuskura su je ƙofarsa sai ciwo ya yi tsanani. Da kuɗi ya sayi muƙamin jami'in haraji a Jiyuan, abin da tsarin mulkin lokacin ya yarda da shi. A can ne, a 1202, wata annoba mai kumbura kai da fuska da toshe maƙogwaro ta ɓarke. Likitoci suka riƙa ba da maganin gudawa, mutane na ta mutuwa. Li Gao ya haɗa wani magani da ake kira Puji Xiaodu Yin, ya sa aka sassaƙa yadda ake haɗa shi a allon katako, aka kafa a wuraren taruwar jama'a domin kowa ya kwafa kyauta.

Yaƙin Mongol ne ya raba shi da gida ya kai shi Kaifeng, inda sarakunan Jin suka mayar da fadarsu a 1214. Da annobar 1232 ta zo, yawancin likitocin birnin suka ɗauke ta a matsayin ciwon da sanyi ko iska ke shigar wa jiki daga waje, don haka suka bi tsohuwar hanya ta sa majiyyaci gumi ko gudawa. Li Gao ya duba yadda mutanen suka rayu kafin su kwanta. A lissafinsa, sun shafe watanni suna cin abinci ba a kan kari ba, suna aikin wahala cikin tsoro da sanyi, sannan da aka buɗe gari suka auka wa abinci ba ƙaƙƙautawa, alhali cikinsu ya riga ya raunana. Ya kira wannan rauni na cikin gida, ya kuma ce ba wa irin wannan mutum maganin gudawa ƙarasa shi ne. A fili ya rubuta cewa da yawa daga cikin mamatan magani ne ya kashe su.

Wannan ra'ayi ya samo tushe daga yadda likitancin Sin ke kallon jiki. Tun a littafin Huangdi Neijing, wanda ya girmi Li Gao da fiye da shekara 1,000, an ɗauka cewa wani ƙarfin rai da ake kira qi yana zagaya jiki ta manyan magudanai 12, kowace tana haɗe da wata gaɓa ta ciki. Magudanar ciki tana farawa a ƙarƙashin ido, ta bi fuska da wuya, ta sauko ta ƙirji da mara, ta gangara gaban cinya da ƙwauri, ta ƙare a yatsa na biyu na ƙafa. A ƙidayar da masu tsira allura ke amfani da ita yau, tana da gurabe 45 a kowane gefen jiki. Abokiyar aikinta ita ce magudanar saifa: ciki ya karɓi abinci ya narkar, saifa ta ɗaga amfaninsa ta raba wa sauran gaɓoɓi. Li Gao ya ce idan waɗannan biyu suka gaza, sauran jiki ba shi da madogara, daga nan kuma cututtuka iri-iri ke samun ƙofa.

Maganinsa mafi shahara, Buzhong Yiqi Tang, haɗin tsirrai takwas ne, ciki har da saiwar ginsen da busasshen ɓawon lemo, kuma har yau ana sayar da shi a ƙasar Sin da Japan. A fannin allura, ya ba da muhimmanci ga gurbin Zusanli, na 36 a magudanar ciki, wanda ke ƙasa da gwiwa da kimanin faɗin yatsu huɗu, a gefen ƙashin ƙwauri. Likita Gao Wu ya tattara salon allurarsa a wani littafi da ya fito a 1529.

Bayan barinsa Kaifeng ya zauna a yankin Dongping, sai a 1244 ya koma garinsu. A 1247 ya kammala littafin da ya bambance raunin cikin gida da ciwon da ke zuwa daga waje, a 1249 kuma ya gama Pi Wei Lun, wato bayani kan saifa da ciki. Ya ɗauki wani matashi, Luo Tianyi, a matsayin almajiri, bayan ya tabbatar ilimin yake nema ba kuɗi ba, ya kuma riƙa ɗaukar nauyin iyalinsa don kada talauci ya katse masa karatu. Gab da rasuwarsa a 1251 ya damƙa masa rubuce-rubucensa, shi kuwa ya adana su ya yaɗa.

Ilimin zamani bai gaskata duk abin da Li Gao ya faɗa ba. Binciken sassan jikin ɗan Adam bai gano magudanan qi a matsayin wata jijiya ko bututu ba, kuma yawan mace-macen Kaifeng da saurinsu sun fi kama da cuta mai yaɗuwa, har wasu masana tarihi na ganin annobar nan ce da ƙuman ɓera ke ɗauka. Sai dai likitancin yau ya tabbatar da abubuwa biyu da ya lura da su: yunwa tana karya garkuwar jiki, kuma ɗura wa wanda ya daɗe cikin yunwa abinci da yawa farat ɗaya na iya hallaka shi.

Ana lissafa Li Gao cikin manyan likitoci huɗu na zamanin Jin da Yuan, tare da Liu Wansu da Zhang Congzheng da Zhu Zhenheng. Masana tarihi kuma har yanzu suna komawa ga rubutunsa kan Kaifeng, domin yana cikin shaidu ƙalilan na wanda ya kasance a birnin, ya ƙirga gawarwakin da ake fitarwa ta ƙofofi 12 kullum, ya kuma faɗi rawar da abokan sana'arsa suka taka a mutuwarsu.