Nettie Stevens, Malamar Da Ta Wanke Mata Daga Zargi

'Yan'uwana mata, sau nawa kuka ji an yi wa mace gori, ko ma an yi mata kishiya, wai don 'ya'ya mata kawai take haifa? Ko a nan Garo ba baƙon abu ba ne. To, yau ga labarin wata malamar makaranta wadda bincikenta ya wanke mu.

An haifi Nettie Stevens a Amurka cikin 1861. Ubanta kafinta ne, uwarta kuwa ta rasu tun tana 'yar ƙarama. Ta yi makarantar horon malamai, ta yi ta koyarwa tana tara ɗan abin da ta samu. Sai da ta kai shekara 35 sannan ta shiga Jami'ar Stanford cikin 1896. Cikin 1903 ta sami digirin dakta a Kwalejin Bryn Mawr ta mata zalla.

Ga abin da ta bincika. A cikin ƙwayoyin halittar jiki, na mutum ne, na kwaɗo ko na ƙwaro, akwai waɗansu 'yan zarurruka da ake kira kuromosom. Su ke ɗauke da abin da ɗa yake gada daga iyayensa, ba a kuwa ganinsu sai da madubin ƙara girman abu.

Cikin 1905 Nettie ta ƙirga na wani ƙwaro mai cin gari. Ta tarar mace tana da 20 manya, namiji kuwa 19 manya da guda ƙarami. Ƙwan uwa kullum babban yake ɗauka. In irin uba ya zo da babba, a sami mace. In ya zo da ƙarami, namiji. Haka abin yake ga ɗan Adam, mai zarurruka 46. Babban shi ne X, ƙaramin Y. Ga kaji da waɗansu kwaɗi ne abin yake a hannun uwa, amma ban da mu.

Ciwon dajin nono ya yi ajalinta cikin 1912, tana da shekara 50.

Saboda haka, uwar 'ya'ya mata, ki kwantar da hankalinki. Allah ne mai bayarwa, sanadin kuwa ta wajen maigida yake, shi ma ba zaɓinsa ba ne. Ku kuma 'yan makaranta, ku riƙe karatu da kyau. Wa ya san abin da Allah zai buɗe ta hannunku?