Jules Gonin: Likitan da ya gano yadda ake liƙe tantanin ido

Kafin zamanin Jules Gonin, duk wanda tantanin bayan idonsa ya ɓalle, a Turai yake ko a Matamaye, kusan abu ɗaya likita zai ce masa: ya yi haƙuri. Wannan tantani shi ne ke ɗaukar hoton abin da ido ya gani ya miƙa wa ƙwaƙwalwa. Idan ya rabu da bangon ido, mutum yakan fara ganin walƙiya da ɗigo-ɗigo, daga nan sai wani duhu kamar labule ya rufe gani.

An haifi Gonin a birnin Lausanne na ƙasar Switzerland ranar 10 ga Agusta, 1870. A can ya karanta likitanci, ya yi aiki a asibitin makafi na birnin a ƙarƙashin Marc Dufour, kuma a 1918 ya zama shugaban asibitin.

Likitocin zamaninsa sun san ana samun 'yar yagewa a tantanin da ya ɓalle, amma akasarinsu sun ɗauka ɓallewar ce ke haddasa ta. Gonin ya shafe shekaru yana nazarin idanu, ya ce akasin haka ne: yagewar ce mafari, ta nan ruwa ke kutsawa bayan tantanin ya ɗaga shi. Maganin ke nan, a nemo ramin a toshe. Sai ya riƙa zana taswirar idon majiyyaci da hannu har ya gane daidai inda ramin yake, ya huda bangon ido, ya tsiyaye ruwan, ya ƙona wurin da ƙarfe mai zafi domin tabo ya liƙe shi. Aikin ba daɗin ji, amma kusan rabin waɗanda ya yi wa sun samu tantaninsu ya koma mazauninsa.

An daɗe ana yi masa kallon mai ƙarin gishiri. Sai a babban taron likitocin ido na Amsterdam a 1929 aka sallama masa, majiyyata suka riƙa tururuwa zuwa Lausanne. Ya wallafa littafinsa kan cutar a 1934, ya rasu a 1935. An gabatar da sunansa domin kyautar Nobel, bai samu ba.

Dabarar tasa ba ta iya wa ɓallewa mai sarƙaƙiya ba, wadda tabo ke jan tantanin ya cukwikwiye. Wannan sai da Paul Cibis ya fara zuba man silikon a ido a 1962, Robert Machemer kuma ya ƙirƙiro tiyatar cire ruwa mai kaurin cikin ido a farkon shekarun 1970. Ko a yau, irin wannan kan buƙaci tiyata fiye da ɗaya, kuma ganin ba ya dawowa duka idan an makara, abin da ke yawan faruwa ga mutanen karkarar Damagaram da sai sun yi doguwar tafiya kafin su ga ƙwararren likitan ido.

Asibitin ido na Lausanne yanzu sunansa yake ɗauke da shi, haka ma lambar yabon da ake bai wa likitan ido ɗaya duk bayan shekara huɗu.